Farfaɗowar Tudun Murjani Bayan Ɓarnar Ɗan Adam

Tudun murjani gini ne na ƙarƙashin teku da wasu 'yan ƙananan halittu suke ɗorawa da ƙasusuwansu na farar ƙasa, sannu a hankali, cikin ɗaruruwan shekaru. Faɗinsa gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku da shi suka dogara. Ko ɓarnar da mutane suka yi masa tana gyaruwa, wannan ya danganta da irin ɓarnar.

Wadda ake yi a wuri guda, kamar kamun kifi fiye da kima ko da nakiya, da zuba ƙazanta, sau da yawa takan warke idan aka janye hannu. A mashigin Kaneohe na Hawai, an daina zuba ruwan masai a 1978, ruwan ya washe, murjani ya sake yaɗuwa. A Kabo Pulmo na Meziko, masuntan garin da kansu suka nemi a hana kamun kifi a yankin, aka killace shi a 1995. Tsakanin 1999 da 2009 nauyin kifin wurin ya ninka fiye da sau biyar. Dawowar kifi na da amfani, domin masu cin ciyawar ruwa su ne ke share dutse har jariran murjani su sami wurin kamawa.

Zafi kuwa wani al'amari ne daban. A cikin naman murjani akwai gansakuka mai ƙanƙantar gaske wadda ke ba shi abinci da launi. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri 1 kacal na 'yan makonni, sai murjani ya kore ta, ya koɗe fari fat. Bai mutu ba tukuna, yunwa ce ke cinsa. In ruwa ya huce da wuri yakan farfaɗo. Matsalar lokaci ce: nau'o'in da suka fi saurin girma suna bukatar shekara 10 zuwa 15, alhali babban tudun murjani na Ostareliya ya koɗe a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya ƙiyasta a 2018 cewa ɗumamar duniya da digiri 1.5 za ta rage murjani da kashi 70 zuwa 90 cikin 100, digiri 2 kuma fiye da kashi 99.

Ana renon gutsattsarin murjani a dasa su, a Indonesiya da Fulorida da sauran wurare. Aiki ne mai kyau, sai dai filin da yake rufewa kaɗan ne, kuma zafin 2023 ya kashe dashe mai yawa a Fulorida.

Mafi jinkirin gyaruwa shi ne tsamin ruwa. Teku na shanye kusan rubu'in iskar kabon da ake fitarwa, tsaminsa ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 tun farkon zamanin masana'antu, abin da ke wahalar da murjani wajen gina ƙashi. Ko da an daina fitar da iskar kabon a yau, komawar ruwan yadda yake a da zai ci dubban shekaru.