Barci Ma Ibada Ne: Kira Ga 'Yan'uwa Kirista Na Katsina

'Yan'uwana cikin Kristi, aikin lafiya nake yi a nan Katsina, kuma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Mutum ya zo asibiti da ciwon kai, jini ya hau, ido ya yi ja. In na tambayi lokacin kwanciyarsa, sai ya ce sha biyu ko ɗaya, kafin asuba kuma ya tashi. Iyayenmu mata sun fi kowa shan wannan wahala: su ne ƙarshen kwanciya, su ne farkon tashi, ga taron Zumuntar Mata, ga koyon waƙa, ga jariri. Abin da ya fi ci mini rai, wasu da alfahari suke faɗa, a ganinsu ƙarancin barci alamar himma ce ga Ubangiji.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Zabura 127:2 ta ce banza ne mutum ya yi ta sammako yana makara wajen kwanciya, yana cin abincin wahala, domin Allah yakan ba ƙaunatattunsa barci. Ku duba annabi Iliya a 1 Sarakuna 19. Ya gudu daga Yezebel, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Allah bai fara masa da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci waina ya sha ruwa, ya sake kwanciya, sai daga baya aka yi magana a Dutsen Horeb. Yesu kansa, a Markus 4, barci yake yi a kan matashi a bayan jirgi alhali hadari na kaɗawa. Wanda ya kwanta ya rufe ido ya yarda ke nan cewa ba shi ke riƙe da duniya ba. Mai tsaronmu, in ji Zabura 121, ba ya gyangyaɗi, ba ya barci. Shi ya sa na ce kwanciya a kan lokaci horo ne na ruhaniya, domin sai an danne son zuciya kafin a ajiye waya da lissafin gobe.

Likitoci sun ce babba na buƙatar aƙalla awa 7 kowane dare, matasa awa 8 zuwa 10, 'yan firamare awa 9 zuwa 12. Cikin barci ne jini ke sauka, zuciya ta huta, ƙwaƙwalwa ta adana abin da aka koya da rana. Wanda ya saba tauye shi yana ƙara wa kansa haɗarin hawan jini, ciwon suga, ƙiba da ciwon damuwa. Ga kuma saurin fushi. Faɗa da yawa tsakanin miji da mata gajiya ce tushensa.

Ban ce a daina kwanan addu'a ba. Ubangijinmu ma ya kwana yana addu'a a kan dutse. Amma Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, ina roƙonku ku dubi wanda ke zaune a benci. Direban da ya kwana a sujada daren Juma'a, da safe ya ɗauki fasinja zuwa Kano ko Funtuwa, rayuka ne a hannunsa. Gyangyaɗin daƙiƙa biyu ya isa mota ta bar hanya. Mai juna biyu, mai hawan jini, mai farfaɗiya (rashin barci na tayar da ita), ɗalibi mai jarrabawa, a sallame su da wuri ba tare da an sa su jin kunya ba. Saurayin nan Aftikos ma, na Ayyukan Manzanni 20, barci ne ya faɗo da shi daga bene na uku a Taruwasa, sa'ad da wa'azin Bulus ya kai tsakar dare.

A gida, a tsayar da lokacin kwanciya, a yi addu'ar iyali kafin yara su fara gyangyaɗi. Goro, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari a bar su tun azahar, domin sinadarin da ke cikinsu kan yi awoyi a jiki. A kashe waya, ko da wa'azi ake saurara. In zafin bazara ya kore ku tsakar gida, ku fita da gidan sauro.

Wanda kuma barcin ne ya ƙi zuwa makonni a jere, kada ya ɗauka raunin bangaskiya ne, kada kuma ya je kemis ya sayi ƙwayar barci da kansa, domin tana kama mutum. Haka mai minshari da ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin dare, ya wayi gari a gajiye: cuta ce, kuma tana da magani. Mama, in kin lura maigida na haka, ki rako shi asibiti a auna jininsa, ki faɗa wa likita abin da kike ji da dare.