Gwajin wayar fitilun gida: me lambar da ke kan na'ura take faɗa?

Na'urata ta yi ƙara, ba shi ke nan ba?

A'a. Nan ne yaran shagon masu aikin wuta da yawa a Gombe suke faɗawa rami. Ƙaramar na'urar gwajin da muke sawa a aljihu takan yi "tiii" ko da turjiyar wayar, wato yadda take tauye gudun wuta, ta kai om 20 ko 30 (om shi ne ma'aunin turjiya), alhali layin fitila mai lafiya a gida da wuya ya wuce om 1. Ƙarar ta nuna waya ba ta tsinke ba ne kawai. Lafiyar haɗin kuwa sai an duba lamba.

Ya ake gwajin?

Ka fara kashe komai: wutar NEPA, janareto, da inbata in akwai sola. A akwatin rarraba wuta ka haɗa wayar wuta da wayar ƙasa (wayar kariya, "earth") ta layin da ɗan guntun waya. Ka haɗa bakin wayoyin na'urarka biyu ka mayar da ita sifiri, don su ma suna da tasu turjiyar. Sai ka bi fitila ɗaya bayan ɗaya, makunni a kunne, kana auna tsakanin wayar wuta da wayar ƙasa. Ka kashe makunnin, lambar ta ɓace; in ba ta ɓace ba, an ɗora makunnin a kan wayar da ba ita ba. Lambar da ta fi girma, wadda galibi ta fitilar nesa ce, ita ake rubutawa.

To nawa ya kamata in gani?

Wayar tagulla mai kaurin 1.5 mm² tana da turjiyar miliom 12.1 (miliom dubu ne om ɗaya) a kowace mita, a zafin digiri 20. Zuwa da dawowa ya zama 24.2. Ɗauki gida a Tumfure inda fitilar baranda take mita 20 daga akwati: 20 sau 24.2, kusan om 0.48 ke nan. Amma wa ya ga digiri 20 cikin silin a watan Afrilu? Tagulla na ƙara kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, don haka a digiri 40 ka sa ran 0.52. Wannan ba laifi ba ne.

In na ga om 2 fa?

Nemi notin da ya saki, ko haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif a cikin silin. In lambar ta yi tsalle tsakanin fitila ta uku da ta huɗu, matsalar tana tsakaninsu. In kuwa ko'ina ta haura daidai wa daida, zargi wayar kanta. Kankare bakinta da wuƙa: in fari ya bayyana ƙarƙashin ja, alminiyon ne aka yi wa fenti da tagulla.

In ta yi ƙasa da lissafi?

Wutar gwajin ta samu wata hanya ne, watakila ta bututun ƙarfe ko wayar ƙasa ta wani layin. Cire wayar ƙasan layin daga sandar da wayoyin ƙasa ke haɗuwa a akwati ka sake aunawa.