Cin taliya ba ya hana rage ƙiba

An daɗe ana cewa mai son rage ƙiba sai ya yi sallama da taliya. Ba haka ba ne. Nauyi yana raguwa idan abin da aka ci bai kai wanda jiki ke ƙonawa ba, taliya ce ko tuwo.

Ku duba bayan leda: gram 100 na busasshiyar taliya kusan kalori 350 ne (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). A wajen mai ake yin ɓarna, domin babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa kusan kalori 120 ne, kuma wa ke tsayawa a cokali ɗaya? A auna gram 70 kafin a dafa, wato ledar gram 500 ta mutum 7 ce. Sauran faranti a cika shi da kabeji, karas da wake ko dafaffen ƙwai.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa wannan bayani.