Mece ce jitar falo, kuma tsohuwa za ka nema ko sabuwa?

Samarinmu da kiɗan jitar Buzayen Agadas ya shiga ransu, daga Gumel har Maigatari da Babura, da yawa sun fara neman tasu jitar, to da zarar mutum ya shiga tambayar kuɗi a waya sai ya ga an rubuta parlour ko parlor a jikin wata, wata kuma an ƙara mata vintage kuɗin ya ninka ya ninka, shi kuma bai san me ake nufi ba. To bari mu warware abin nan, don akwai wanda zai sayar da buhunan riɗinsa ya je ya sayo wahala.

Jitar falo ƙaramar jita ce ta katako wadda ba ta buƙatar wuta ko sifika. Falon nan dai da ka sani, ɗakin baƙi, shi ne asalin sunan. A Amurka da Turai wajen ƙarshen ƙarni na 19 babu rediyo babu talabijin, in an gama cin abincin dare sai iyali su taru a falo wani ya ɗauki jita, sau da yawa ma matan gidan ne ke kaɗawa, kaga kuwa ba a buƙatar ƙara mai yawa tunda masu sauraron ba su wuce mutum biyar shida ba. Jikinta siriri ne mai ƙugu, faɗin gindinta bai cika wuce inci 13 zuwa 13 da rabi ba, alhali babbar jitar nan da ta cika shagunan Sabon Gari, wadda ake ce wa diredinot, ta kusa inci 16. Ita babbar daga baya ta zo, kamfanin Martin ne ya fara ƙera ta a 1916 don wani kamfani mai suna Ditson, sai a 1931 ya fitar da ita da sunansa, lokacin makaɗa sun koma wasa a manyan ɗakunan taro suna neman abin da za a ji daga nesa. Daga nan kasuwar ƙananan ta ja baya na tsawon shekaru kafin ta sake farfaɗowa.

Wata alamar kuma, ka ƙirga ƙarafunan nan da aka jera a kan wuya. A ta falo ta asali guda 12 ne kafin wuyan ya haɗe da jiki, a manyan 14. Wannan ya sa jakin da tsirkiyoyin ke hawa ya zauna a tsakiyar faffaɗan wurin, shi ke ba ta wannan muryar mai zaƙi da take fita tar, ba ta da kaurin ƙasa sosai amma kowace tsirkiya kana jin ta daban. Ni a ganina wanda hannunsa ya saba da gurmi ko garaya zai fi jin daɗin wannan fiye da babbar, saboda da yatsa ake bin ta ba sharɓe ba. Kuma dan Allah kar a ɗauke ta a jitar yara, ƙanƙantar jikin ce kawai, wuyan na manya ne, a tsofaffin ma ya fi na yanzu faɗi.

Sai maganar bintej, wato vintage ɗin nan, tsohuwar jita mai daraja. Ba kowace tsohuwa ce bintej ba, wannan shi ne inda ake cutar mutane. Jitar da aka yi shekara goma da ta wuce ta sha hannu ta shigo cikin kayan gwanjo, wannan tsohon hannu ce kawai. In masu abin suka ce bintej a jitar falo suna nufin waɗanda aka ƙera tun daga wajen 1880 zuwa shekarun 1930, irin su Martin, wanda aka kafa a 1833 yake garin Nazareth a jihar Pennsylvania har yau, da Washburn na kamfanin Lyon & Healy a Cikago, da Stella ta Oscar Schmidt wadda ita mai araha ce, ita talakawan kudancin Amurka suka riƙa saye suna wani salon kiɗa da ake ce wa bulus (blues) da ita. Martin tun 1898 suke buga lamba a cikin jikin jitar daidai gindin wuya, da lambar ake gane shekarar. Wanda ya ce maka tasa Martin ce ka haska tocila ka leƙa.

Gaskiya muryar tsohuwa daban ce, ban musa ba. Katakon da ya shekara ɗari yana bushewa ba shi da nauyi, ka ɗan taɓa ya amsa. Amma ga abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba.

Da yawansu ba don tsirkiyar ƙarfe aka yi su ba, ta hanjin tumaki ake ɗaura musu a lokacin, Martin kansa sai a shekarun 1920 ya koma ta ƙarfe. Tsirkiyoyin ƙarfe guda shida suna jan wajen kilo 70, na hanji ko na leda irin na yanzu wajen 40 ne. Ka ɗaura ƙarfe a kan wadda ba don shi aka yi ba, sannu a hankali fuskar ta kumburo, jakin ya ɗaga, wuya ya sunkuyo gaba. A ƙarƙashin fuskar jita akwai ƴan sirara katakai da aka liƙa suna tokare ta, kamar azara a rufin soro, a masu araha na zamanin da a jere suke kwance ɗaya bayan ɗaya, na yanzu kuma gicciye ake yi wanda ya fi ɗaukar nauyi. Sannan babu rodin nan na cikin wuya da ake juyawa da ɗan makulli a miƙar da shi in ya lanƙwashe, kamfanin jita na Gibson ne suka samu rijistar wannan dabarar a 1923, Martin kuwa sai 1985 suka fara saka mai juyuwa. To in wuyan tsohuwa ya karkace sai dai a turara gam ɗin da tururi a zare wuyan gaba ɗaya a gyara a mayar, aikin gwani ne, ba na kafintan da ke yi mana benci da ƙofa ba duk iyawarsa. Wasu kuma da katakon rozwud na Birazil aka yi su, wanda tun 1992 dokar duniya ta CITES, mai kare tsirrai da dabbobin da ke neman ƙarewa, ta tsaurara fataucinsa, ko shigo da ita ma sai da takardu.

Abin da ya fi damuna shi ne yanayinmu. Jitar katako zalla tana son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu nan da hunturu laimar takan sauka ƙasa da kashi 20, leɓe ma tsagewa yake balle katako mai kaurin milimita biyu da ɗoriya, sai bazara ta zo zafi ya haura digiri 40 a ɗakin kwano, gam ɗin tsofaffin jitoci na fata ne ya fara saki, damina ta faɗi katakon ya sake kumbura. Tsohuwar da ta yi rayuwarta a ƙasar sanyi ba lallai ta kai shekara a ƙauyenmu ba tare da tsaga ba.

Shi yasa ni dai wanda zai koya ko zai riƙa kaɗawa a gida sabuwa nake ce masa ya nema, ba na ko shakka. Akwai CSF na Yamaha, akwai Fender CP-60S, da PRS SE P20, da Gretsch Jim Dandy mai sauƙin kuɗi. Wasunsu 14 ne ƙarafunan ba 12 ba amma duk da haka sunan falon suke amsawa saboda girman jikin. Suna da rodi a wuya, don ƙarfe aka yi su. Masu kuɗi a waje suna raina filawud, wato katakon da aka liƙa falle-falle, amma mu nan shi ne gatanmu don ba ya saurin tsagewa. In aljihu ya kai ka nemi mai fuskar katako zalla, baya da gefe filawud, kamar yadda CP-60S take, in bai kai ba ko duka filawud ce ka ɗauka ba laifi.

Ko wacce za ka saya kar ka tura kuɗi ba ka riƙe ta a hannu ba. Ka kalli wuyan daga sama kamar mai duba miƙewar sanda. Ka zura katin ATM tsakanin babbar tsirkiya da ƙarfe na 12, guda uku su shiga daidai, in biyar suka shige har da sauran wuri to yatsunka za su sha wuya. Ka gwada tura takarda ƙarƙashin jaki ta baya, in ta shiga ya fara ɗagowa kenan, ka bar musu kayansu. In ka kawo ta gida ɗakin ƙasa ya fi mata na kwano, kar a jingine ta a rana ko a bar ta cikin mota, da hunturu kuma ka jiƙa ɗan soso ka matse sosai ka sa a leda mai huji-huji ka ajiye cikin jakarta ka zuge. Tsirkiya marar kauri za ka riƙa sa mata, kuma duk ranar da ka shiga Kano ka sayo saiti biyu ko uku, don gumi na saurin sa su tsatsa kuma ba za ka samu a kasuwar ƙauye ba.