Iyo, keke da gudu a jere: amsoshin da na ba ƙanena a Gombe

Tun da ƙanena ya kalli gasar tirayatalon a talabijin bai bar ni na huta ba. Kullum muka fito motsa jiki da asuba wajen filin wasa na Pantami sai ya taso da zancen. Ga tambayoyinsa da abin da na faɗa masa.

Yaya, wace irin gasa ce wannan?

Tsere uku ne a jere babu hutu: iyo, sai keke, sai gudu. Agogo ba ya tsayawa ko lokacin da kake ɗaure takalmi. A San Diyego ta Amurka aka fara ta a 1974, ta shiga Olamfik a Sidni a 2000. Ta Olamfik iyo ne na mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai gajeriya, rabin wannan: mita 750, kilomita 20, kilomita 5. Ita ce ta sabon shiga. Doguwar da ake kira Ironman, mai kilomita 180 a kan keke, kuwa, ajiye ta tukuna.

Da wanne zan fara?

Da iyo, babu tantama. Ɗan Gombe da keke ya tashi, gudu kuma ya sha shi a filin ƙwallo. Ruwa ne baƙonmu. Da yawa cikin masu cewa sun iya ruwa, kai a sama suke yi, suna dukan ruwa da hannu da ƙafa, kafin mita 25 numfashi ya ƙare. Ba ƙarfi ne ya gaza ba, numfashin ne ba a koya ba.

Ka kama bakin kwamin iyo, ka nutsa fuska, ka riƙa fitar da iska ta hanci a hankali har ka ga kumfa na tashi, sannan ka juya kai gefe ka shaƙa, ba ka ɗaga shi sama ba. Ka yi ta maimaitawa har jiki ya daina firgita. Ko sati biyu ka yi a kan wannan kaɗai, ba ka yi asara ba. A kwami mai tsawon mita 25, sai ka ratsa shi sau 30 kafin ka cika mita 750. Kuma ka tuna, wanda ya gaji a kan keke sauka zai yi, wanda ya gaji a tsakiyar ruwa ba shi da wurin taka ƙafa.

To in je madatsar Dadin Kowa mana, ga ruwa kyauta?

A'a, don Allah kada ka je. Akwai zurfi, akwai dorina a yankin, ga kuma tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke fitowa daga dodon koɗi a irin wannan ruwa su shiga ta fata, daga baya mutum ya ga jini a fitsari. Ka biya kuɗin shiga kwamin otal, ka nemi wanda ya iya ya tsaya a kanka. Kada ka taɓa shiga ruwa kai kaɗai, komai gwanintarka.

Sai na sayi keken tsere?

Wanda ke jingine a zaure ya isa. Kai shi wurin mai gyara ya duba birki da sarƙa, ya ɗaga sirdi yadda in feda ta sauka ƙasa gwiwarka za ta ɗan lanƙwashe kaɗan kawai. Hular kwano ce ba a sasantawa a kanta. A gasa ma sai ka ɗaure ta kafin ka ɗauki keken. Ka guji hanyar da tireloli ke bi.

Sau nawa a sati?

Kowanne sau biyu, rana ɗaya hutu, ka ba kanka kamar wata uku. A gudu ka haɗa da tafiya, minti biyu gudu minti ɗaya tafiya, da saurin da za ka iya hira da na kusa da kai. Daga wata na biyu, sau ɗaya a sati, kana sauka daga keke ka sa kambas ka yi gudun minti goma. Ranar farko ƙafafu za su yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun masara. Haka kowa ke ji, kuma yana raguwa.

Zafin bazara fa, da azumi?

A Maris da Afrilu ka gama komai kafin rana ta ɗaga, gorar ruwa na jikin keke. In zufa ta yi yawa, ruwan gishiri da sukari ya fi ruwa zalla. Ka ji jiri ko ciwon kai, ka tsaya nan take ka nemi inuwa. Da azumi ka rage nauyin atisaye, ka mai da shi dare bayan tarawihi, lokacin da dabino da kunu suka zauna a ciki. Mai hawan jini, asma ko ciwon zuciya kuwa ya fara ganin likita kafin ya sa ƙafa a ruwa.