Maganin ƙurajen fuska ba ya nuna aikinsa a sati biyu

An daɗe ana cewa idan maganin ƙurajen fuska da aka rubuta a asibiti bai yi aiki cikin sati biyu ba, to bai karɓi mutum ba. Shi ya sa wasu ke jefar da shi, ba sa komawa wurin likita.

Ƙurji yana farawa ne idan maiƙo da matacciyar fata suka toshe ƙofar gashi, tun makonni kafin ya fito. Don haka magungunan shafawa irin su benzoyl peroxide da adapalene kan ɗauki sati 6 zuwa 8 kafin a ga sauƙi, wani lokaci har sati 12. Da farko fuska na iya bushewa ko yin raɗaɗi, wannan kuma ba alamar gazawar magani ba ce. Mai yin sauri shi ne man shafawa da ke ɗauke da sitiroid (wani sinadari mai kwantar da kumburi), shi kuwa daga baya ƙara ƙurajen yake yi.

Kuna iya gwadawa da kanku: ku ɗauki hoton fuska a haske iri ɗaya duk sati biyu, ku karanta takardar cikin kwalin, ku nuna wa likita hotunan ranar komawa. Mai juna biyu ta faɗa masa kafin ya rubuta komai.

Ku tura wa masu fama da ƙuraje wannan bayani.