Waiwaye: Cin zalin ƙuruciya, bashin da ake biya da furfura

Duk inda tsofaffin ɗaliban makarantar kwana suka haɗu a Katsina, a ɗaurin aure ne ko a taron shekara bayan Sallah, hira ba ta nisa sai ta gangaro kan siniyoyi. Wane ya sa su tsallen kwaɗo tun daga ɗakin kwana har filin ƙwallo, wane ya ƙwace garin kwaki da ƙuli-ƙulin da Inna ta ƙullo, wane ya tashe su da tsakar dare cikin hunturu su ɗebo masa ruwan wanka. A yi ta dariya ana tafawa, a rufe da cewa ai wannan gwale-gwalen ne ya mai da mu maza. Masu faɗin haka ba ƙarya suke yi ba, abin da suka gani a kansu suke faɗa. Sai dai taron na waɗanda suka zo ne. Wanda ya tsere a aji biyu bai sake taka makaranta ba, da wanda ya gama amma har yau gabansa ke faɗuwa in aka ɗaga masa murya, ba su cika zuwa irin wannan zama ba.

Abin yana da saiwa biyu a ƙasar nan. Ta farko tamu ce. Bahaushe ya gina zamansa a kan girman shekaru: yaya na da ikon aiken ƙane, a tsangaya gardi na gaba da titibiri, titibiri na gaba da ƙolo. Tsari ne mai amfani, domin shi ke sa babba ya kula da ƙarami in malam ba ya nan. Amma ikon da aka danƙa wa ɗan shekara 15 a kan ɗan shekara 8, babu mai sa ido, ba kullum yake tsayawa a kulawa ba. Saiwa ta biyu Turawa suka zo da ita. Da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, an ɗauko salon makarantun kwana na Ingila, har da wasanninsu. A waɗancan makarantu na Ingila kuwa, al'ada ce sananniya a ba babban ɗalibi ƙaramin da zai riƙa yi masa hidima, a kuma ba shugabannin ɗalibai ikon hukunta 'yan uwansu. Makarantun sakandaren kwana da suka yawaita a Arewa, musamman daga shekarun 1970, sun gaji tsarin firfet da siniya da juniya. Ingila ta yi watsi da bautar da ƙananan ɗalibai tun tuni. Mu muka riƙe, muka haɗa ta da tamu, muka ce tarbiyya ce.

Ba mu kaɗai muka daɗe muna ɗaukar abin wasan yara ba. Har wajen 1970 duniyar ilimi ba ta damu da shi ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Dan Olweus, shi ya fara bin abin da bincike mai tsari, ya fitar da sakamakonsa a 1973. Hukumomi ba su motsa sosai ba sai a ƙarshen 1982, lokacin da yara uku masu shekaru 10 zuwa 14 suka kashe kansu a arewacin Norwe bayan tsangwamar da suka sha a hannun 'yan makarantarsu. A 1983 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da yaƙi da cin zali a makarantunta baki ɗaya, kuma shirin da Olweus ya gwada a birnin Bergen ya rage abin da kusan rabi. Japan ma sai da ta rasa wani yaro ɗan shekara 13 na wata makaranta a Tokyo a 1986, wanda 'yan ajinsu suka yi wa jana'izar ba'a yana raye, sannan ta farka. Doka ta musamman kuwa sai a 2013.

Olweus ya ce abu uku ke raba cin zali da faɗan yara na yau da kullum: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ƙarfi ba ɗaya ba. Sharaɗi na ukun nan Bakatsine zai fi kowa gane shi. Taubasai na yi wa juna tsiya son ransu, Bafillace da Babarbare na iya kwana suna jifan juna da magana, ba wanda ke kwanciya da ciwon rai, domin kowa na da bakin ramawa. Yaron da ajinsu guda suka liƙa wa sunan tsokana saboda in'ina, ko fitsarin kwance, ko ɗingishi, ko don ya zo daga ƙauye da tsohuwar riga, ba shi da wannan bakin. Ita yarinya kuwa sau da yawa ba a ma taɓa jikinta. A daina yi mata magana, a tashi in ta zauna, a riƙa habaici in ta gifta, ta yi zango guda ba mai cin abinci da ita.

Tambayar da ta fi wuya ita ce abin da ke faruwa bayan yaron ya girma. Tambayar manya abin da suka tuna ba ta wadatarwa, saboda mai damuwa ya fi tuna baƙin ciki. Sai an bi yaro tun yana ƙarami har ya yi furfura, kuma wannan aiki ne na shekaru hamsin. Birtaniya ta yi sa'ar samun irinsa. A wani mako guda na watan Maris 1958 an yi rajistar jarirai kusan 17,000 da aka haifa a Ingila da Sukotlan da Wales, aka ci gaba da bibiyarsu. Da suka kai shekara 7, sannan 11, an tambayi iyayensu ko sauran yara na cin zalinsu. A 2014 Louise Arseneault da abokan aikinta na King's College da ke Landan suka duba mutum 7,771 daga cikinsu. Kashi 28 cikin 100 an ci zalinsu jefi-jefi, kashi 15 kuma a kai a kai. Waɗannan yaran sun fi sauran shiga ƙuncin rai a shekara 23, kuma abin mamaki har a shekara 50. Waɗanda aka matsa wa sosai sun fi kamuwa da ciwon damuwa da fargaba da tunanin kashe kai a shekara 45. Abin bai tsaya a ƙwaƙwalwa ba: sun fi ƙarancin karatu, sun fi zama ba abokin rayuwa, sun fi rasa wanda za su jingina da shi in ciwo ya zo. An yi la'akari da talaucin gidajensu da halin da suke ciki tun farko, bambancin bai gushe ba.

A Amurka, William Copeland da Dieter Wolke da wasu sun bi yara 1,420 a jihar Karolina ta Arewa har suka haura shekara 20, suka fitar da sakamako a 2013. Waɗanda aka ci zalinsu sun fi fama da fargaba, da firgicin da ke taso wa mutum haka kawai, da tsoron shiga taro. Waɗanda suka fi kowa shan wuya su ne masu fuska biyu, wato an ci zalinsu su ma sun ci na wasu. Wannan ya kamata ya tsaya wa duk wanda ya san makarantar kwana a rai, domin tsarin namu masu fuska biyu yake ƙerawa. Juniya na haƙuri ne yana lissafin ranar da zai zama siniya ya fanshe, ba a kan wanda ya zalunce shi ba, a kan wani sabon yaro da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A 2015 aka haɗa wancan binciken na Amurka da wani na yankin Bristol a Ingila, aka sami abin da mutane da yawa suka ƙi yarda da shi da farko: yaran da tsararsu suka ci zalinsu sun fi nuna matsalar ƙwaƙwalwa a girmansu a kan waɗanda manya kaɗai suka azabtar. A Oktoban 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 60 daga wani gidan mari a Daura, wasu da sarƙa a ƙafa, ƙasa ta girgiza, kuma ya dace ta girgiza. Zaluncin babba a kan yaro kowa na ganinsa zalunci. Na yaro a kan yaro shi ne ake cewa, "Ku bar su, yara ne, gobe za su shirya." A binciken Bristol ɗin, cikin waɗanda aka tsangwama a kai a kai suna shekara 13, kusan 15 cikin 100 na da ciwon damuwa a shekara 18. Cikin waɗanda ba a taɓa ba, ba su kai 6 ba.

Mai ja zai ce, to wa ya sani ko dama yaron mai raunin zuciya ne shi ya sa aka raina shi? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai gaskiya a cikinta, domin yaro mai tsoro da kaɗaici ya fi jawo idon azzalumi. Da tagwaye aka warware ta. An duba Hassan da Husainin da suka fito daga ƙwai ɗaya, gida ɗaya, uwa ɗaya, aka ci zalin ɗaya aka bar ɗaya. Wanda aka ci zalin ya fi nuna damuwa, har ma yadda jikinsa ke sakin sinadarin kotizol a lokacin tashin hankali ya sauya. Wani binciken na 2017 a kan tagwaye sama da 11,000 ya zo da sassauci: fargabar na nan da ƙarfinta a shekaru biyun farko, amma tana raguwa sosai kafin shekara biyar. Abin da ya fi naci shi ne zargin mutane, ganin kamar kowa na ƙulla maka sharri. Ke nan ba duk wanda aka doka ne zai lalace ba, kuma tsofaffin ɗaliban da ke cewa sun warke suna iya zama masu gaskiya. Abin da ba daidai ba shi ne su auna kowa da kansu.

A wurinmu ciwon ba ya zuwa da sunansa. Magidanci ɗan shekara 40 ba zai je asibiti ya ce yana da fargaba ba. Cewa zai yi zuciyarsa na bugawa, kansa na yi masa nauyi, barci ya ƙaurace masa. A auna jini, a ba shi maganin zazzaɓi ko na gyambon ciki. In abin ya ƙi, a ce sammu ne ko iska, a nemi mai ruƙiya. Wasu a ce musu miskilai, wasu masu baƙar zuciya, wasu kuma su faɗa wa ƙwaya don su sami barci. Da wuya wani ya tambaye shi yadda ya yi zaman makaranta. Ko an so tambaya ma, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Dokar da ta daɗe tana kula da wannan fanni ta 1958 ce, shekarar da aka haifi waɗancan jariran na Birtaniya, kuma sai a Janairun 2023 aka sanar da cewa shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a kan wadda ta maye gurbinta.

Rahoton 2019 na UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa a cikin watan da ya gabaci tambayar, a Afirka kudu da Sahara kuwa kashi 48 cikin 100, mafi yawa a duniya. Duk da haka sai abin ya faru a makarantar masu kuɗi muke jin amo. Mutuwar wani yaro ɗan shekara 12 na wata makarantar kwana a Legas a ƙarshen 2021 ta tayar da ƙura, ko da yake daga baya mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa rashin lafiya ce ta kashe shi. A Afrilun 2024 bidiyon wata yarinya da ake ta shararawa mari a wata makaranta a Abuja ya karaɗe wayoyi. A Katsina, tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, maganar tsaron makaranta ta koma katanga da masu gadi, kuma ba mai ganin laifin iyaye a kan haka. Abin da ke faruwa a cikin ɗakin kwana bayan an kashe fitila bai shiga lissafin ba. Ga waya kuma ta ƙaro nata: da, hutu na raba yaro da masu tsangwamarsa, yanzu rukunin WhatsApp na ajinsu na bin sa har ɗakin uwarsa.

Ƙasar da ta fi yin nisa wajen magani ita ce Finlan. Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku ta lura cewa azzalumin yaro 'yan kallo yake yi wa wasa, masu dariya da masu shiru su ke ba shi lada. Shirin KiVa da aka baza a makarantun ƙasar daga 2009 ya mai da hankali a kansu, ana koya wa aji guda su janye dariyarsu su tsaya wa wanda aka ware. Wannan ba baƙon karatu ba ne a Katsina. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma duk ɗan Islamiyya ya ji hadisin taimakon ɗan uwa ko shi ne azzalumi, ta hanyar riƙe masa hannu. Bambancin shi ne a Finlan an sa abin a jadawalin darasi, an naɗa malamai takamaimai da ake kai wa ƙara, ana kuma tambayar ɗalibai duk shekara ba tare da sun rubuta sunansu ba. A yawancin makarantun kwananmu, juniyan da ke son kai ƙara, firfet zai fara bi ta hannunsa.